Ni Na Cire Wa Ƙanina Filasta

A shekarun da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni dillalin albasa ne da ya faro daga dakon buhu har ya kai ga cika mota da kayan kansa. Ina zaune a Gwadangaji, ina saye a Gulma da ƙauyukan Argungu, ina turawa Kudu. Ido nake tinƙaho da shi. In na dubi ɓawon albasa na latsa wuyanta, na san ko za ta jure hanya ko za ta ruɓe. Da yake ban cika kuskure ba, sai na ɗauka babu abin da ya fi ƙarfin idona.

Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ƙarfin sana'ata. Ƙato ne, ɗan kokawa, wanda makaɗa ke kiran sunansa tun bai shigo fage ba. Lokacin yankan shinkafa a fadamar Gulma lauje ya kuɓuce wa wani ya sare masa agara, jijiyar nan ta bayan diddige. Na kai shi asibiti a Birnin Kebbi aka ɗinke, aka sa filasta, irin mai taurin nan da ake ɗaure karaya da ita. Likitan ya zaunar da ni ya ce jijiya ba kamar tsoka ba ce, jini kaɗan ke isa gare ta, shi ya sa take jinkirin warkewa. Ya ce akwai ƙananan ƙwayoyin jiki da ido ba ya gani, su ke taruwa a bakin yankan suna saƙa sabon zare. Zaren farko siriri ne, a cukurkuɗe kamar tarun da aka jibge cikin kwalekwale. Sai a hankali, cikin watanni, suke jera shi a miƙe suna ƙara masa kauri. Fata kan rufe alhali ciki ɗanye ne. Na gyaɗa kai, a raina kuwa na ce mutanen asibiti ba su san kasuwa ba.

Ranar da aka cire zaren ɗinki, kafin a sake filasta, na leƙa na ga ciwon ya bushe tas. Da albasa ta fito, mota ta zo, 'yan dako suka yi ƙaranci, sai na jiƙa filastar da ruwan ɗumi na yanke ta da wuƙar da nake yanka igiyar buhu. Ƙanina ya ce mini, da ladabinsa, ƙafar fa yana jin ta kamar ba tasa ba. Ni kuwa na tambaye shi a gaban mutane ko amarya ce shi da aka ƙunsa wa lalle, ko kuwa sai an kawo masa makaɗa zai miƙe. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na sa aka murza masa man shanu, washegari ya ɗauki buhu ya hau katakon da ake bi a loda wa mota kaya. Bai kai tsakiya ba muka ji ƙas! Ya juyo yana tambayar wa ya buge shi da sanda ta baya. Babu kowa a bayansa, jijiyar ce ta tsinke.

A asibiti likitan bai yi faɗa ba, ya dai tambayi wa ya cire filastar. Kafin in buɗe baki ƙanina ya ce shi ne, ƙaiƙayi ya dame shi. Haka ya gaya wa Inna. Ni ina tsaye, na bar shi ya ɗauki laifin. An sake ɗinki, amma bakin jijiyar ya riga ya lalace, ba ta koma daidai ba. Har yau yana jan ƙafar, ba ya iya tsayawa a kan yatsunsa, bai kuma sake shiga fage ba. Inna ta rasu tana yi masa faɗan taurin kai, ban taɓa gyara mata zancen ba. Wannan ya fi tsinkewar jijiyar ci mini rai.

Abin da na koya shi ne jiki yana da aikinsa na ciki da ba ya jin gaggawar kowa, kuma bushewar ciwo ba warkewa ba ce. Ku masu ƙanne da masu aiki a ƙarƙashinku, in likita ya ce a jira, ku jira, ko da kaya za su ruɓe a rumfa. Wanda ke jin nauyinka zai tashi in ka ce ya tashi, ko ƙafarsa ba ta yarda ba. Saboda haka kai ne za ka ce masa ya zauna.