Ragon da Yaya Inuwa Yake Nufi

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Inuwa, kuma yaƙin da ya bari ana gwabzawa tsakanin Rasha da Yukren har yau bai lafa ba. Duk sanda na kunna rediyo na ji ana zancen tankoki da makamai masu linzami, sai in ji kamar in ɗauki waya in kira shi, don shi ne mai fassara mini duniya tun ina yarinya a Zariya. Na daɗe ina son rubuta wani abu a kansa. Bana na samu zuciya, domin abin da ya fi damuna a lokacin rasuwarsa ya wuce lafiya.

Yaya tsohon soja ne. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashe biyu kafin ya ajiye kaki ya zo New York, inda ya shekara ashirin da wani abu yana tuƙa tasi daga unguwar Jamaica zuwa filin jirgi. A layin da direbobi ke jiran fasinja, Ministan Waje suke kiransa. Da zarar wani rikici ya ɓarke a duniya sai su kewaye motarsa da kofunan shayi, shi kuma ya sauke gilashi ya fara bayani kamar an biya shi. Karatunsa ɗaya ne kullum: ƙasa ba ta tausayi, lissafi take yi. Yakan ce kada ka saurari abin da shugaba ya faɗa a gaban kyamara, ka duba inda ya ajiye sojojinsa. Kuma ba ya gajiya da maimaita cewa kura ma ta san gidan mai babbar sanda.

Ni kuwa wannan magana haushi take ba ni. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, na saba da ganin mai rauni kusa da kusa. Da yaƙin ya fara, na ga mata a talabijin suna jan akwati da yara a cikin ƙanƙara, na ce masa ai ya kamata manyan ƙasashe su shiga da sojojinsu su raba wannan zalunci yau yau. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Hajara, za su aika bindiga, za su aika kuɗi, amma ba za su aika 'ya'yansu ba. Kuma daidai ne. In masu manyan makamai suka haɗu gaba da gaba, ba za a samu mai ba da labari ba.” Na ce masa zuciyarsa ta bushe. Ya yi dariya ya ce ba bushewa ta yi ba, gawa ta gani.

Abin da ba mu sani ba, ɗansa Habibu yana can yana nasa lissafin. Habibu haifaffen nan ne, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa, kamar yawancin yaranmu. Ya yi shekara huɗu a sojan Amurka yana ɗaure wa masu rauni ciwo, ya fito, ya kama karatun jinya. Wani abokinsa da suka yi soja tare, wanda kakanninsa daga Yukren suke, ya yanke shawarar tafiya can aikin sa kai a yaƙin, Habibu ya ce shi ma sai ya bi shi. Uba da ɗa suka yi ta kai ruwa rana sati biyu. Yaya bai taɓa ce masa mutanen can ba su da gaskiya ba. Cewa yake yi ƙasar da ta horar da kai ma ta auna ta ƙi tura nata, kai wane ne da za ka kai kanka babu tuta a bayanka, babu mai neman gawarka?

Ana cikin haka ciwon huhu ya kwantar da Yaya a asibiti. Aka sa masa abin shaƙar iska, magana ta gagara, sai rubutu a waya. Habibu ya ga halin da ubansa ke ciki, ya tura masa saƙo cewa ya fasa tafiya, amma yana jin kunyar abokinsa, yana jin kamar ya gudu. Yaya ya amsa masa da layi ɗaya, da Hausa: “Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.” Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku, bayan an watse daga masallaci, na shiga ɗakin Habibu neman kujerun da za mu ƙara wa baƙi. Sai ga jakar soja a ɗaure, takalma a kai, fasfo a gefe. Na rufe ƙofa na tsaya a jikinta, na aika aka kira shi.

“Ina za ka?” na tambaye shi.

“Gwaggo, jibi ne flight ɗina,” ya ce, wato jirginsa.

“Ba ka ce wa ubanka ka fasa ba?”

Ya ciro waya ya miƙo mini, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, “Na fasa saboda shi, shi kuma ya ce ni rago ne. Last message ɗinsa ke nan. Ba zan zauna da wannan ba.”

Na karanta. Na sake karantawa. Allah ya yafe mini, a gidan makoki, da mutane cike da falo, dariya ta kuɓuce mini har da hawaye. Yaron nan rago ɗaya ya sani a duniya, wanda uwarsa ke kiransa da shi in ya ƙi tashi makaranta: tashi, rago! Ragon layya kuwa a leda yake zuwa masa daga mahauta, a yanke, da suna na Turanci. Bai taɓa ganin raguna biyu sun ja da baya a fili sun dawo sun gwara ƙaho ba. A baki kalmomin biyu ba sa kama da juna, mai ƙaho ana jan farkonsa, malalaci ana datse shi. A rubuce kuwa haruffa huɗu ne iri ɗaya. Shi ya fahimci ubansa na cewa ai malalaci in ya janye ba ma tsoro ba ne, halinsa ne kawai. Kwana biyar yana yawo da wannan wuƙa a ƙirji, bai gaya wa kowa ba.

Na zaunar da shi a bakin gado na faɗi karin maganar da baki, na ja kalmar yadda ake janta a gida. Na tashi da kaina, tsofai-tsofai da ni, na ja da baya taku uku na sunkuyar da kai don ya gani. Da yake ɗan ubansa ne, sai ya ce, to ai ragon yana komawa ya kai karo, ke nan Baba cewa yake in tafi daga baya? A nan na ɗan yi son kai, kuma ban yi nadama ba. Na ce masa rago yana auna abokin karonsa ne, kuma ba ya karo a garken da ba nasa ba. Ko haka Yaya yake nufi har ƙarshe, Allah ne masani. Na dai san cewa mutumin da ke fama da numfashi bai tattara ƙarfinsa ya yi rubutu don ya zagi ɗansa ba. Habibu ya kifa kansa a cinyata ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Bayan kwana biyu jirgin ya tashi babu shi.

Yau in na dubi Turai sai in ce da Ministan Waje na nan da direbobi sun sha surutu. Ƙasashen da suka yi shekaru suna ganin yaƙi ya zama tarihi sun farka suna sayen makamai, suna gyara barikoki, wasu ma suna tunanin dawo da horon soja ga matasa. Zai ce gemun maƙwabci ne ya kama wuta, kowa na shafa wa nasa ruwa, kuma zai yi musu tsiyar cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Zai nuna mini yadda aka yi ta aika makamai ana riƙe sojoji a gida, ya ce ban gaya miki ba? Ƙasashenmu na Afirka da suka ƙi ɗaukar ɓangare suna duba farashin alkama da taki, zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma in ya ji ana zancen zaman sulhu, ba zai yi murna da wuri ba, zai tambaya wa ke riƙe da me a ƙasa.

Ban zama almajirarsa gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin akwai sanyin zuciya a cikin wannan lissafi, domin wanda aka rushe wa gida ba ya cin hikimar manyan ƙasashe. Abokin Habibu ya tafi, ya dawo bayan shekara da kunne ɗaya a toshe, ba ya iya zama kusa da taga. Ba na kiransa wawa, ƙasar kakanninsa ce, garkensa ne. Habibu ne ke kai shi ganin likita. Amma na yarda da Yaya a kan abu guda: wutar ba ta tsallako ta cinye duniya ba, kuma ba tausayi ne ya hana ta ba, tsoron juna ne da auna ƙarfi. Na ƙi jinin wannan gaskiya, amma ina barci a inuwarta.

Mutum in ya tafi, ana tambayar me ya bari. Yaya bai bar gida ba, tasin ma ta haya ce, kuma bayanan da ya yi ta zubawa a layin filin jirgi iska ta kwashe. Makon jiya Habibu ya ɗauke ni a mota muka je maƙabartar da ke ƙetaren kogi. Ni ba na shiga, a mota nake zama in yi addu'ata. Na bi shi da kallo ta gilashi, yana tafiya tsakanin kaburbura da rigar aikin asibiti a jikinsa, ya durƙusa, ya daɗe, ya shafa. Sannan ya miƙe ya kamo hanyar dawowa. Ɗa ne ya zo ziyarar kabarin uba, kuma ya fito da ƙafafunsa biyu ya tambaye ni ko ina jin yunwa. Allah ya jiƙan Yaya Inuwa, ya sa ya huta.