Aro Na, In Ji Inna

Ranar da muka kwashe albasa a shekarar samun 'yancin kai, saura kaɗan jirginmu ya sha ruwa saboda lodi. Tsibirinmu yana tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yauri, kuma a shekarar fadama ta yi mana gata. Ni da ƙanena Bala muna kan buhuna muna shan rake, warin albasa yana sa mu hawaye. Mata suka taru a bakin ruwa suna taya Inna murna. Ita kuwa ta goge hannu da zane ta ce, "Aro na, na Allah na," wato aro ne Allah ya ba mu.

Haka Inna take. Kaza ta ƙyanƙyashe, aro na. Baba ya kamo giwan ruwa, aro na. Har aka sa mata suna Inna Aro. Ni dai abin haushi yake ba ni, sai in ga kamar tana watsa mana ƙasa a tuwo. Ko Bala ba ta ƙyale ba. In aka ce ɗan nan nata ya fi kifi iya ruwa, sai ta faɗi kalmarta, sannan ta faki ido ta tura masa kan kifi a kwano.

Da aka gama dam ɗin Kainji, ruwa ya haɗiye tsibirin, da fadamar, da kushewar kakanninmu. Aka kwashe mu zuwa wasu gidajen siminti kusa da garin Wara. Kogin da muka san halinsa ya koma tafki mai igiyar ruwa, cike da kututturan itatuwa a ƙarƙashi. Wata safiya Bala, ya fara zama saurayi, ya fita duba taru, da hantsi iska ta taso. Muka tsaya a gaɓa har la'asar, jirage suna ta dawowa babu nasa. Daga ƙarshe masunta suka kawo filafilin da yake tuƙi da shi, da hularsa.

Na zuba wa Inna ido, zuciyata na tafasa. Ta rungume filafilin. "Aro na," ta ce, da muryar nan ta ranar albasa. "Mai shi ya amshi abinai." Sannan ta durƙushe, ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Ashe duk shekarun daɗin nan Inna tana koyar da bakinta abin da zai faɗa ranar da zuciya ba za ta iya ba.

Yanzu mu sai a ƙofar asibiti muke ɗaga hannu sama mu tuna da Allah. Kwanaki aka haifa mini jika, aka sa masa Bala. Mata suna ta yaba kyansa, na buɗe baki in faɗi kalmar Inna, sai ta ƙi fitowa. Sai da na rungume shi sosai kafin ta fito.