Lasisin Ghana a Kagoma

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. A firamare karatuna ya tsaya, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan aikin da ya shafi lafiyar mutane. Amma murna ta fi ƙarfin tsorona, ga kuma wata tambaya da ta tsaya mini a rai.

'Yata ta fari ta koyi ɗaukar hoton ƙashi a Ghana, ta yi aiki a can da lasisinsu. Da ƙaramin asibitin cocinmu a Kagoma ya samu injin hoto, sai ta ce za ta dawo gida. Ranar da na ji, tuwona ya ƙone ina rawa a tsakar gida. Kafin ta iso, mu 'yan zumuntar mata mun riga mun yi godiya a coci, mun kai doya gaban bagadi da ganga, Fasto ya sanar cewa an daina wahalar zuwa Kafanchan don hoto.

Washegarin isowarta, wan mijina ya zo riƙe da kafaɗarsa. Tun da mashin ya kayar da shi a hanyar Gwantu take damunsa.

"'Yata, tashi mu je ki haska ni."

"Baba, ba zan kunna injin ba tukuna. Sai hukuma a Abuja ta amince da lasisina, ta kuma duba ɗakin."

"Ba kin gama karatun ba?"

"Na gama. Amma Ghana ce ta ba ni izini, ba Najeriya ba."

Ya juyo gare ni. "Matarmu, kin ji? Ashe ƙashin Ghana daban ne da na Kagoma! Ko nasu na roba ne?"

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Ta bayyana mana cewa hasken injin yana ratsa jiki, yana iya ratsa bango, kuma idan ya yi yawa yana cutarwa ba tare da mutum ya ji komai ba. Don haka kowace ƙasa take son ta tabbatar da kanta wane ne zai riƙe shi. Ta ce idan ba su karɓe ta ba, dole ta koma inda aka san ta. Wannan maganar ce ta shiga cikina ta zauna.

Ta yi ta zirga-zirgar Abuja, aka tuntuɓi makarantarta, aka sake gwada ta. Ni kuwa kullum sai na bi ta bayan ɗakin injin, inda mata ke baza citta a rana, in roƙe su su matsa.

"Mama, injin ma a kashe yake," in ji su.

"Ku dai matsa."

A coci kuma ana tsokanata, wai na yi godiya tun ba a ga hoto ba.

Muna cikin girbin dawa sai 'yata ta zo gona a kan mashin, tun daga nesa tana ɗaga hannu tana ihu, "Mama, sun yarda!" Na yar da kwando, na yi guɗa har muryata ta dushe. Masu dubawa sun zo sun auna bango da ƙofar dalma mai tare hasken, sun ce lafiya. Wan mijina ne na farko. Ya ɗaga hotonsa a rana, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, wannan kam na Kagoma ne. Dubi kauri!"

'Yata ta zauna gida. Har yau idan na gan ta da farar riga, ƙafafuna suna son rawa.

Ga abin da ya rage. Akwai ɗan abu kamar maɓalli da take maƙalawa a ƙirji, mai auna yawan hasken da jikinta ya sha. A Ghana ta sa nasu, a nan an ba ta sabo, ya fara lissafi daga farko. Amma jikin ai ɗaya ne. Ta ce kada in damu, na kasa. Duk wanda ɗansa ya yi wannan aiki a ƙasa biyu, don Allah ya sanar da ni: wa yake haɗa lissafin can da na nan?