Tukunyar da Ba a Wankewa

Ban taɓa shan wahalar kaya irin ta tukunyar nan ba, kuma ko tawa ba ce.

Shekarar da Turawa suka mai da dajinmu gandun gwamnati, aka ce ƙauyukan da ke ciki su fito bakin hanyar Kuyello. Ni da jakunana muke kwashe kayan mutane. Cikinsu akwai wata tsohuwa Bagwariya mai dafa burkutu. Ni ban taɓa sha ba, amma ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka, don haka in ta kira sai in je.

Kayanta ba yawa, sai wata ƙatuwar baƙar tukunya da ta gada wurin uwarta, uwar ma gadonta ta yi. A ciki giya ke kwana ta yi tsami. Ba a taɓa wanke ta ba. Ta ce abin da ya daskare a cikin shi ke tayar da giyar, ranar da ruwa ya ɗauraye shi sana'ar gidansu ta ƙare.

Na jawo jaki, ta ce jaki ba shi da hankali. Na naɗa gammo zan ɗora a ka, ta riƙe mini hannu.

"A kafaɗa, ɗan nan. Kai ba wurin kaya ba ne."

"Iya, kan ai nawa ne."

"Tukunyar tawa ce."

Haka na saɓa ta yadda matansu ke yi. Jakuna na gaba da tabarmi, suna tafiyarsu a sake. Tsando na cizona, ba hannun kora.

Bayan azahar hadari ya haɗo. Na ce mu kife ta, ta ce ba a kife ta. Ta rufe bakin da faifai, sai ta tsaya tana kallon rigata. Riga ɗaya gare ni, da ita nake zuwa Juma'a. Na tuɓe muka ɗaure. Ruwa ya dake ni son ransa, ko ɗigo bai shiga tukunya ba.

Da ta dafa giyar farko a sabon wuri, tsofaffinsu suka sha suka ce ɗanɗanon ya canza. Ta aika a kira ni, na ɗauka godiya ce. Ta ce tukunya ba ta da laifi, ni ma haka, ruwan rijiyar nan ne bai san ta ba. Na rafin tsohon ƙauye take so. Na ce an hana shiga, akwai ɗan gandu mai gadi. Ta ce ita sara da noma ta ji an hana, ba ta ji an ambaci ruwa ba. Sannan ta tambayi jikin matata, wadda cikinta ya tsufa.

Washegari bayan na yi asuba na ɗaura wa jakuna tuluna, na koma daji.