Ƙarfen da Na Hana Binnewa

Cocinmu a gefen tudu yake, can bayan Manchok. Duk damina sai ƙasar bayansa ta riƙa zamewa zuwa gidan wata gwauruwa da ke gangare. Da abin ya ishe mu, muka kira wata 'yar ikilisiyarmu da ta zama injiniya a Kaduna. Ni na koyar da ita a firamare, don haka har ranar kallon yarinya nake yi mata.

Ta auna tudun, ta zana aikin. Za a haƙa ramuka a jere, a zura dogon ƙarfe a kowanne, a zuba kankare ya lulluɓe shi kaf don kada tsatsa ta ci shi. Ta nanata cewa sai gindin ƙarfen ya wuce ƙasa mai laushi ya shiga marmara. Sannan ta koma bakin aikinta, ta bar ni in kula da gayya, tunda ni ne shugaban kwamiti.

Da aka sauke ƙarafan daga Kafanchan, sai suka ba ni tausayi. Irin wannan kaya a binne shi kamar doya? Ga bikin godiya na kaka ya ƙarato, ba mu da turakun rumfa. Na ce wa maza su tsayar da haƙa, a bar kawunan ƙarafan a waje su zama turakun. Birkilan da ke mana aikin ya ce, "Baba, madam ya ce sai mun taɓa dutse fa." Na ce masa ni na koya wa madam ɗin ƙirga.

Rumfa kam ta yi kyau. Aka ci, aka yi rawa, fasto ya yabe ni a gaban jama'a, kaina ya kumbura.

A damina ta biyu turakun suka sunkuya. Ƙasa ta ture kicin ɗin gwauruwar da rumbunta na acca. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma gari ya ɗauka cewa yarinyar ba ta iya aiki ba, har wani coci da ya yi niyyar kiranta ya fasa.

Ta zo ta duba. Ta dafa ƙarfe ɗaya da ya yi ja da tsatsa, ta ce, "Baba, wa ya ce a bar wannan a waje?" Birkila ya sunkuyar da kai, dattawa suna kallona. Na ce ai ruwan bana ya yi yawa. Ta dube ni, ta ɗan rusuna, ta ce, "To, Baba." Ba ta ƙaryata ni a gaban mutane ba, kuma wannan ne ya fi cina har yau.

Bayan sujada kwamiti ya zauna, aka yanke a aika mata wasiƙar nuna ɓacin rai. Suka ce ni zan rubuta, don na fi kowa iya tsara magana. Na rubuta, na sa hannu.