Tarin da Yaya Ya Ɗebo a Bawku

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta shekarar da tari ya cinye yayana muna kallo ba. Har yau idan na ji wani yana tari mai zurfi a bayan katanga, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara.

Mu mutanen Salaga ne. Kakanninmu fataucin goro suka yi, amma a zamaninmu Yaya hatsi ya kama. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai dariya da ƙarfi, wanda ba ya iya tsayawa yana kallon leburori suna aiki bai sa hannu ba. Ni kuwa aure ya kai ni Yendi, sai dai duk sanda zai wuce arewa yakan tsaya gidana ya ci tuwo.

A wata kaka ya tafi Bawku sayen gero da wake. Ya sami wani tsohon sito da aka daɗe ba a buɗe ba, ya kama haya. Daga baya ya ba ni labari cewa da suka ɓalle ƙofar, jemagu suka yi ta fitowa ta kansu, ƙasa kuma kashinsu ya taru har ƙafa tana nutsewa, ga tsofaffin buhunan masara da funfuna ta mayar baƙi. Shi da kansa ya ɗauki shebur da tsintsiya, ya yini a ciki, ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba. Yana faɗa yana dariya, ni ma na yi dariya. Ba wanda ya san mutum na iya shaƙo ajalinsa a irin wannan wuri.

Bai daɗe da komawa Salaga ba ya fara zazzaɓi da tari. Aka ce mura ce. Tarin ya ƙi tafiya, ya soma ramewa, gumi yana jiƙa masa riga. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa aka ga tabo a huhu. Gwajin kaki bai nuna komai ba, amma duk alamun na tarin fuka ne, don haka aka ɗora shi a kan maganinsa. Ban ga laifinsu ba, kowa ya gan shi abin da zai ce ke nan.

Abin da ya fi ciwon cin ransa shi ne yadda mutane suka janye. Aka ware masa kwano da kofi. A masallaci sai a bar gurbi tsakaninsa da na kusa da shi, har ya daina zuwa. Shi da kansa ya hana ’ya’yansa shiga ɗakinsa. Ƙaramar, wadda ta saba barci a ƙirjinsa, takan tsaya bakin ƙofa tana leƙe, ya ce mata, “Koma wurin uwarki, Baba ba shi da lafiya.” Mma, mahaifiyarmu, ta dage cewa abokan kasuwa ne suka yi masa sammu. Rubutu da saiwoyi babu irin wanda bai sha ba.

Watanni suka wuce yana shan ƙwayoyi ba fashi, jiki kuwa sai baya yake yi. Na roƙi mijina muka ɗauko shi zuwa Yendi. Ranar da aka sauke shi daga mota ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce, “Auta, kada ki matso. Ajiye ruwan nan, zan ɗauka.” Na ajiye, na zaga bayan ɗaki na yi kuka.

Da ya fara tofar da jini muka wuce da shi babban asibitin Tamale. Can wata likita ta duba takardunsa, ta ja kujera ta zauna daf da shi. Ta ce, “Alhaji, kafin ciwon nan ya fara, ina ka shiga? Wane aiki ka yi?” Ya ba ta labarin siton Bawku. Nan take ta sa aka yi wasu gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito ta gaya mana ba tarin fuka ba ne. Wata irin funfuna ce da ke rayuwa a kashin jemage da ƙasa mai ruɓa, ya shaƙe ta, ta yi gida a huhunsa. Tana da nata magani daban, amma ta riga ta yi ɓarna mai yawa.

Yaya ya ɗago kai da ƙyar ya ce, “Likita, ana ɗauka a jikin mutum?”

Ta ce, “A’a, Alhaji. Ba ka taɓa zama haɗari ga kowa ba.”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce da ni, “Aika Salaga a kawo mini yara.”

Aka kawo su washegari. Manyan suka zauna a gefen gado. Ƙaramar ta ƙi matsowa, ta ɓuya a zanin uwarta, don ba ta san wannan ramammen mutum ba. Sai da ya yi ta kiran sunan wasan da yake kiranta da shi kafin ta yarda ta hau. Ya rungume ta da hannuwan da suka zama kamar kara.

Sabon maganin ya ba shi sauƙi na ɗan lokaci, har ya koma gida ya yi sallar Juma’a kafaɗa da kafaɗa da mutane. Amma huhun ya riga ya gaji. Kafin damina ta sauka muka rufe shi a Salaga.

Na sani kwana ba ya wuce ranarsa. Duk da haka na koyi cewa ba kowane tari ne sunansa ɗaya ba, kuma idan magani ya daɗe bai yi aiki ba, ba rashin haƙuri ba ne a koma a sake tambaya. Mu mun yi ta tambayar wa ya yi masa. Da tun farko mun tambayi ina ya shiga, wataƙila da yau yana zaune a tsakar gidana yana cin tuwo.