Matar Lamba Takwas

Ranar da aka kawo gaisuwar aurena, mahaifina ya tambayi baffan yaron da ke nemana ko wace sana'a ɗan nasu yake yi. Baffan ya gyara zama a kan tabarma, ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Ma'aikaci ne a kamfanin gurzar auduga na Funtua." Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai duk Kafur an san yaron bai taɓa ɗaga buhun auduga ba. Ƙwallo yake buga wa kulob ɗin kamfanin, su kuma su ba shi albashi a matsayin ma'aikaci. Mahaifina ya yarda, aka ɗaura mana aure a majami'armu, a tsakiyar shekarun saba'in, bayan an gama girbin dawa.

Ni ban san komai a kan ƙwallo ba. Satinmu na farko a Funtua ya jera mini tsakuwoyi a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Waɗannan su ne 'yan baya, masu tsare gida. Waɗancan 'yan gaba, masu jefa ƙwallo a raga. Ni ina nan tsakiya, in ƙwato daga nan in miƙa can."

Na ce, "Ashe ɗan aike na aura."

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, amma a wancan lokacin dariya ba ta yi masa wuya. Lamba takwas ce a bayan rigarsa, kuma da ita garin ya san shi. In na shiga kasuwa sai in ji mahauta suna cewa, "Ku ƙara wa matar Lamba Takwas tsoka." Ban taɓa jin daɗin zama kamar na Funtua ba. A can na haifi 'yarmu ta fari.

Surukina kuwa bai taɓa son abin ba. Manomi ne a Gozaki, dattijon majami'a, yana da fadama mai kyau da gona a tudu da shanun huɗa. Duk lokacin da muka je gaishe shi sai ya kalli ƙafafun ɗansa ya ce, "Allah ya ba ka ƙafa mai ƙarfi, ka kai ta inda ba a cika rumbu." Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi mini addu'a dai." Tsohon yakan yi addu'ar, amma a ƙarshenta kullum sai ya roƙi Ubangiji ya dawo da ɗansa gida.

Daga Funtua wata masaƙa ta Kaduna ta ɗauke shi. Kulob ne babba, ana sa wasanninsu a rediyo. Aka ba mu ɗaki ciki da falo mai wutar lantarki. Sai na lura da wani abu: in mai sharhi yana magana, sunan maigidana na fitowa a gurguje ne, sai sunan ɗan gabansu ya biyo baya da ihu. Na yi masa ƙorafi. Ya ce, "Masu ido suna gani. Ki bari." Yana nufin waɗanda ke zaɓar 'yan wasan ƙasa. Burinsa ke nan tun yana makarantar mishan, ya sa koriyar riga ko da sau ɗaya ne.

Damina ta uku da zuwanmu Kaduna, kulob ɗin ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofi. Koci ya gaya musu mutanen Legas, masu zaɓar 'yan wasan ƙasa, za su zo kallo, kuma sun tambayi labarin Lamba Takwas. Ana saura kwana kaɗan, da hantsi ina wanki, sai ga ƙanin maigidana ya shigo da ƙurar mota a jikinsa. Ko ruwa bai karɓa ba.

"Yaya, jikin Baba ya yi tsanani. Ya ce ka zo."

Maigidana ya zauna a kan turmi. Can ya ce, "Yana magana?"

"Yana yi, amma ba ya cin abinci."

"To ka tafi da ita da yarinyar. Ana tashi daga wasa zan hau mota. Ka ce masa ina hanya."

Na so in yi magana, amma na ga fuskarsa, na san ya riga ya faɗa wa kansa duk abin da zan faɗa. Muka hau mota zuwa Funtua, daga nan Malumfashi, muka ƙarasa Gozaki a bayan akori-kura, hanya duk taɓo.

Na tarar da tsohon ya rame har ban gane shi ba. Ya kama hannuna ya ce, "'Yata, ina mijinki?" Na ce yana hanya. Washegari ya sake tambaya, na ba shi amsa iri ɗaya. Daga nan bai ƙara tambaya ba. Ya cika da safiyar ranar wasan, aka binne shi da la'asar saboda hadari ya haɗo. Lokacin da fasto ke karatu a bakin kabari, a daidai lokacin ake buga ƙwallo a Kaduna.

Maigidana ya iso washegari da rana, da jakarsa a kafaɗa. Daga ganin mutane a ƙofar gida ya ajiye jakar a tsakiyar hanya. Ba wanda ya yi masa faɗa. Mahaifiyarsa ta ce kawai, "Ka zo? Je ka ka gaishe shi, yana bayan majami'a."

Sai da aka kwana biyu na tambaye shi wasan. Ya ce sun ci, kuma duk ƙwallayen daga ƙafarsa suka fito. Bai taɓa wasa kamar na ranar ba. Bayan mun koma Kaduna labari ya zo: mutanen Legas sun ɗauki ɗan gaban. Shi kuma sun ce yana da kyau, amma ba shi da jiki, a duba shi baɗi. Ba a sake dubawa ba.

Da rani aka raba gado. Babban wansa ya ce, "Mu da muka sha rana a gonakin nan mu ne za mu riƙe fadama. Kai ai filinka na Kaduna." Aka ba shi wani yanki a tudu, mai tsakuwa, wanda ko tsohon ma gero kawai yake zubawa. Na ce ya kai magana gaban dattawan majami'a. Ya ce, "Da wane bakin? Ni da ban zo ba?"

Bayan haka ya ci gaba da wasa, amma kamar mai biyan hukunci. Ya fi kowa zuwa atisaye, ya fi kowa daɗewa. Masaƙa ta kawo sabon koci, shi kuma ya zo da yaransa, aka mai da maigidana benci. Sai wani Alhaji ɗan kasuwa a Kano, mai kulob na kansa, ya aiko a kira shi. Muka ɗaure kaya a karo na uku, a lokacin ina goyon namiji.

Alhajin mutumin kirki ne. Yakan ce, "Malam, in kana fili hankalina kwance yake." Shi ya fara ba shi kyaftin. Da Kirsimeti har shinkafa da kaji ya aiko mana. Na fara tunanin ko a nan za mu zauna, har na sayi keken ɗinki. Sai ƙasa ta shiga tsuke bakin aljihu, kaya suka daina shigowa, kasuwar Alhaji ta karye. Ya tara 'yan wasan a ƙofar gidansa ya ce ba shi da abin da zai riƙe su da shi, kowa ya nemi inda zai dafa. Maigidana ya ce mini Alhajin har hawaye ya yi. Keken ɗinkin muka sayar muka yi kuɗin mota zuwa Jos, inda wani ƙaramin kulob ke neman ɗan tsakiya mai ƙwarewa.

A Jos gwiwarsa ta dama ta fara kumburi. Sanyin garin bai yi mata daɗi ba. Kafin kowane wasa sai an yi masa allura, ya shiga fili ba ya jin komai, washegari kuma sai ya dafa bango kafin ya kai bayi. Ni ce mai gasa masa da ruwan zafi. Wata rana na ce, "Maigida, mu koma gida tun kana tafiya da ƙafarka."

Ya ce, "In koma in yi me? Na haura talatin, ban iya komai ba sai wannan."

A Jos ɗin ne na fara shiga filin wasa, shekara da shekaru ina auren ɗan ƙwallo. Maƙwabciyata ce ta ja ni. Ranar na gane abin da yake nufi da masu ido. Ba ya gudu kamar sauran. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga hagu da dama, tana zuwa sai ya taɓa ta sau ɗaya, ta bi ta wani gurbi da ba wanda ya gani sai shi. Zuciyata ta cika, har na miƙe ina tafi. Bayan an dawo hutun rabin lokaci ya juya zai kauce wa wani, ba wanda ya taɓa shi ma, sai na ga ya zube. Bai yi birgima ba. Ya zauna ya riƙe gwiwar da hannu biyu, yana kallonta. Mutum biyu suka ɗauke shi, aka sa wani, wasa ya ci gaba.

Kulob ɗin ya kai shi asibiti, aka naɗe ƙafar. Da kakar wasa ta ƙare suka yi masa godiya. Muka dawo Gozaki da yara uku, da katifa, da rediyo, muka sauka a tsohon ɗakin da ake ajiye masara.

An ba mu labarin wani maɗori kusa da Dayi, muka je a kan babur. Dattijo ne, Bafulatani, ya shafa gwiwar ya lanƙwasa ta a hankali, sannan ya saki. Ya ce, "Malam, ni ƙashi nake ɗorawa. Naka ƙashin lafiya lau. Jijiyar da ke riƙe da shi ce ta tsinke, wannan kuwa ba ni da hannunta." Ko sisi bai karɓa ba. A Zariya likita ya ce sai an yi aiki, aikin ma ba a nan ake yi ba. Muka dawo.

Damina ta faɗi, ya ari shanun wansa zai yi huɗa a tudun nan. Bai kai ƙarshen kunya ta biyu ba gwiwar ta goce, ya faɗi a bayan garma, shanun suka ja ta suka yi gaba. Yaran maƙwabta suka tare su. Daga ranar ni da 'yar farinmu muka riƙe fartanya, shi kuma ya bi mu a baya yana zuba iri. Ruwa ma ya ɗauke da wuri a shekarar. Abin da muka girba bai kai mu bazara ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, bayan an ba mu jiharmu, matasan Malumfashi suka shirya wasan sada zumunci da 'yan Funtua. Wani malamin makaranta da ya san shi tun da can ya zo har gida ya ce suna so ya shiga ko na ɗan lokaci ne, yara su ga yadda ake yi. Na ce kada ya je. Ya ce, "Tsayawa kawai zan yi in riƙa rabawa. Ba sai na yi gudu ba." Sati guda yana shafa wa tsohon takalminsa man kaɗanya. Rabon da in ga haske a idonsa haka tun Kano.

Na bi shi. Filin makaranta ne, ba ciyawa, mutane sun kewaye shi. Aka gabatar da shi, tsofaffi kaɗan suka tafa. Ƙwallo ta farko da aka ba shi, kafin ya juya wani yaro ya zare ta ya wuce. Ta biyu ma haka. Ta uku ya miƙa ƙafa ta wuce ta ƙarƙashinsa. Sai wani ya ɗaga murya daga bayana, "Don Allah a cire tsohon nan!" Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, ba su san shi ba ne. Bai jira a cire shi ba. Ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu, ya fito yana ɗingishi, ya cire rigar ya miƙa wa malamin, ya ce ya gode.

Ba mu sami mota ba sai da muka taka har bakin hanyar Kafur. Muka zauna a gindin wata ɗorawa. Ya miƙe ƙafar. Can ya ce, "Kin san wani abu? Na ga inda zan ba da ƙwallayen nan. Duka ukun. Tun kafin su iso ni na gani."

Na ce, "Na sani."

"Ƙafar ce ta ƙi zuwa."

Daga baya malamin nan ya samo masa gadi a wata ma'ajiyar auduga. Ya yi kaka biyu, aka rufe wurin saboda manoma sun rage shuka ta. Ya dawo gida ya zauna. Da safe yakan ja kujera zuwa inuwar katanga, in rana ta juya ya ja ta ɗaya gefen. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, abin da na ba shi ya ci. Ranar Lahadi yakan raka mu majami'a ya zauna a bencin ƙarshe, inda zai iya miƙe ƙafar. Na koma soya ƙosai a bakin hanya, 'yar farinmu ta bar makaranta tana taya ni. Ƙannenta biyu wan mahaifinsu ya ɗauke su, suna yi masa aiki a fadama.